BASHIN YARO, KUKAN UWA

Abin karantawa: Nehemiya 5:1-13

 Ina roƙon kowane mai karatu, tun bai ci gaba ba, ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya buɗe Nehemiya sura 5, ya karanta daga aya 1 har zuwa 13. Idan a gidanka akwai waɗanda ba su iya karatu ba, ka tara su ka karanta musu da ƙarfi, gama maganar nan ta shafi kowane gida inda a ke renon yaro.

A watan nan zan ba ku labarin wata ƙasa mai nisa, watau Amurka, da yadda majalisun dokoki na jihohinta su ka yi ta gardama a kan kuɗin da kotu ke ɗora wa yara masu laifi da iyayensu. Wataƙila wani zai ce, "Ina ruwanmu da dokokin mutanen da ba mu taɓa gani ba?" Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Manomi mai hankali ya kan leƙa gonar maƙwabcinsa domin ya ga irin ciyawar da ke cin hatsi. Kafin mu kai ƙarshe za ka ga ciyawar nan ta tsiro a gonarmu ita ma.

1. Kukan da a ka yi a Urushalima

Wajen shekara 445 kafin haihuwar Ubangijinmu, Nehemiya ya bar fadar sarkin Farisa ya zo Urushalima domin ya gina garun birnin. Aiki ne mai kyau, aikin Allah ne, har a ka gama shi cikin kwana 52. Amma ana tsakiyar aikin sai babban kuka ya tashi. Ku lura, ba daga wajen maƙiya kukan ya fito ba. Daga cikin jama'a ya fito, daga talakawa da matansu, suna kuka da 'yan'uwansu Yahudawa.

Masu kukan kashi uku ne. Akwai masu 'ya'ya da yawa waɗanda ba su da hatsi. Akwai waɗanda su ka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami abinci. Akwai kuma waɗanda su ka ci bashi domin su biya harajin sarki. Dukansu kuwa wuri ɗaya su ka ƙare: 'ya'yansu su ka shiga bauta saboda bashi, iyayen kuwa ba su da ikon fansarsu, gama gonakinsu sun riga sun koma hannun waɗansu.

Babu wanda ya yi fashi cikin wannan labari. Masu ba da bashi suna da shaidu, suna da jingina a hannu. Kowa ya bi hanyar da a ka saba. Duk da haka Nehemiya ya ce abin nan ba shi da kyau. Ashe abu ya kan zama daidai a takarda, ya zama zalunci a gaban Allah.

2. Kukan da a ka yi a Amurka

Ƙasar Amurka tana da jihohi 50, kowace da majalisarta mai yin dokoki, shari'ar yara kuwa yawancinta a hannun jihohi ta ke. A shekara ta 1899 a ka buɗe kotun yara ta farko a birnin Shikago, cikin jihar Ilinoyi. Nufin waɗanda su ka kafa ta mai kyau ne. Sun ce yaro ba babba ba ne, bai kamata a jefa shi kurkuku tare da riƙaƙƙun ɓarayi ba, sai alƙali ya zama masa kamar uba, ya yi masa horo domin ya shiryu. Mu ma mun san wannan, gama mu kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

A 1964, a jihar Arizona, a ka kama wani yaro ɗan shekara 15 bisa zargin ya yi wa wata mace maganar banza ta wayar tarho. Ba a ba shi lauya ba. Alƙali ya tura shi gidan horo har ya kai shekara 21, alhali da babba ne ya yi laifin, iyakarsa tarar dala 50 ko ɗaurin wata 2. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 1967 cewa yaro ma yana da hakkin samun lauya. Wannan ma abu ne mai kyau.

Amma a hankali wani abu ya shigo. Jihohi da gundumomi su ka fara cewa, "Wa zai biya kuɗin wannan hidima duka? Bari mu aika wa iyaye takardar biya." Domin ku gane sosai, sai mu rarrabe kuɗi iri uku. Na fari tara ce, watau hukuncin laifi. Na biyu diyya ce, watau mayar wa wanda a ka cuta abin da ya rasa. Na uku shi ne kuɗin hidimar kotu, shi ne kuwa maganarmu yau. A kan lissafta wa iyaye kuɗin kowane kwana da yaro ya yi a tsare. A kan lissafta kuɗin lauyan da gwamnati ta ba shi. A kan lissafta kuɗin ma'aikacin da ke lura da shi bayan an sallame shi, da kuɗin ƙarau na lantarki da a ke ɗaura masa a ƙafa domin a san inda ya ke, da kuɗin gwajin fitsari domin a ga ko yana shan ƙwaya. Kowane ɗaya ƙarami ne a ido, amma idan su ka taru sai su zama dutse a kan talaka.

Idan ba a biya ba fa? A waɗansu wurare a kan tsawaita lokacin lura da yaron, a ƙi rufe shari'arsa. A waɗansu a kan ƙi shafe sunansa daga littafin masu laifi, ya girma yana neman aiki da tabon nan a goshinsa. A waɗansu a kan yanke daga albashin iyaye. A shekara ta 2016 wata ƙungiyar lauyoyi masu kāre yara a birnin Filadelfiya ta bincike dokokin ƙasar, ta iske kusan kowace jiha tana da irin wannan kuɗi. An kuma ga nauyin ya fi faɗawa kan talakawa, da baƙaƙen fata, da zuriyar mutanen da su ka fito daga ƙasashen kudu masu jin Sifaniyanci, gama 'ya'yansu ne a ka fi kamawa.

Ga misali ɗaya wanda ke rubuce a littattafan shari'a. A gundumar Orange ta jihar Kalifoniya akwai wata uwa wadda a ka tsare ɗanta. Gunduma ta aiko mata da takardar bashin fiye da dala 16,000, kuɗin tsare yaron da na lauya. Ta sayar da gidanta ta biya wajen dala 9,500. Ba a bar ta ba, a ka ci gaba da bin ta sauran, har ta kai kanta gaban alƙali ta shaida ta tsiyace. Sai a 2016 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta raba ta da bashin. Ku duba fa: matar nan ba ta yi laifin kome ba. Ɗanta kuwa, gidan da zai zauna ya sāke rayuwa an sayar da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ashe ba kukan matan Urushalima ke nan ba?

3. Nehemiya ya yi fushi, amma ya zauna ya yi tunani

Aya 6 ta gaya mana Nehemiya ya husata ƙwarai. Aya 7 ta nuna bai buɗe baki nan da nan ba, sai da ya yi shawara a zuciyarsa. Fushi saboda zalunci ba zunubi ba ne, amma fushin da ba a haɗa shi da tunani ba ya kan ƙone gona tare da ciyawa.

Haka waɗansu a Amurka su ka yi. Malamai da ɗalibai masu koyon aikin lauya a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley su ka bi gunduma gunduma suna tambayar lissafi. Abin da su ka iske ya ba mutane mamaki. Gundumar Santa Clara, a shekarar kuɗi ta 2014 zuwa 2015, ta kashe kusan dala 450,000 wajen biyan ma'aikata masu bin bashin, abin da ta tattara kuwa bai kai dala 400,000 ba. Dalili a fili ya ke: yawancin waɗanda a ke bi ba su da shi. An wahalar da iyaye, baitulmali kuma bai ƙaru ba.

Waɗansu masana biyu, Alex Piquero da Wesley Jennings, su ka bi labarin yara fiye da 1,000 a gundumar Allegheny ta jihar Fensilbaniya. Su ka iske yaran da a ka ɗora wa kuɗi mai yawa, da waɗanda a ka rufe shari'arsu da sauran bashi a kansu, sun fi sauran komawa ga laifi. Wannan ba wuya a gane shi. Yaro ɗan shekara 14 ba shi da albashi. Ya dawo gida ya iske uwa tana kuka, uba ba ya yi masa magana, ƙannensa suna kallonsa kamar shi ya cinye abincinsu. Sai ya gudu daga gida ya koma wurin abokan da su ka kai shi ga laifin tun farko. Kotun da a ka kafa domin ta shirya yaro ta zama mai kora shi daji. Garin gyaran gira an rasa ido.

Tun kafin masanan nan su yi lissafi, Allah ya riga ya faɗa. Cikin Kubawar Shari'a 24:6 ya hana a karɓi dutsen niƙa jingina, domin wanda ya ɗauke shi ya ɗauke abincin gidan. Cikin Fitowa 22:26-27 ya umarta a mayar wa matalauci mayafinsa kafin rana ta faɗi, domin ba shi da wani abin rufa. Cikin Firistoci sura 5 wanda ba shi da halin kawo tunkiya domin hadayar zunubi an yarda ya kawo tsuntsaye biyu, wanda ba shi da halin tsuntsaye kuma ya kawo ɗan gari. Allah bai rage tsarkinsa ba, amma bai sa ƙofar tuba ta fi ƙarfin talaka ba. Annabi Amos kuma, cikin sura 2 aya 8, ya tsauta wa manyan Isra'ila domin suna shagali da abin da su ka karɓa daga hannun waɗanda a ka ci tara. Ran da ɗakin shari'a ya fara cin abinci daga aljihun wanda ya ke hukuntawa, ma'auninsa ya fara karkata.

4. Ya tara jama'a, a ka sāke doka

Nehemiya bai kira masu arziki ɗaya ɗaya a ɓoye ba. Ya kira babban taro, ya faɗi maganar a fili, har su ka rasa amsa. Sa'an nan ya nemi abu biyu: a daina karɓa, a kuma mayar da abin da a ka riga a ka karɓa, a ranar nan, gonaki da gidaje da ruwan da a ka ɗora. Ya kira firistoci ya sa a ka yi rantsuwa. Ya kakkaɓe rigarsa a gabansu domin gargaɗi. Taro ya amsa da Amin, mutane kuwa su ka cika alkawari.

A Kalifoniya ma a hankali a ka bi matakan nan. A 2016 gundumar Alameda ta daina karɓar kuɗin. A 2017 'yan majalisa biyu, Holly Mitchell da Ricardo Lara, su ka kawo doka gaban majalisar jiha, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu, daga ran 1 ga Janairu 2018 a ka hana gundumomin jihar ɗora wa iyaye irin wannan kuɗi. Amma tsohon bashi yana nan. Gundumomi da yawa su ka yafe da kansu, waɗansu su ka ƙi. Sai a 2020 majalisa ta yi doka ta biyu, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu, a ka shafe sauran. Jimlar bashin da a ka sauke daga kan iyaye ta wuce dala miliyan 350.

Waɗansu jihohi su ka bi, kowace gwargwadon yadda ta ga dama, wata ta soke duka, wata ta soke sashi. Nebada ta yi a 2019, Merilan a 2020. A 2021 Kolorado, da Oregon, da Niyu Meziko, da Luwiziyana su ka yi. A 2023 Arizona, da Montana, da Washinton, da Mishigan su ka yi, har da Ilinoyi, inda kotun yara ta fara. Jihohin nan ba jam'iyya ɗaya ke mulkinsu ba. Har wa yau kuwa akwai sauran jihohi da ba su soke ba, aikin bai ƙare ba.

Akwai darasi kuma cikin abin da gwamnatin tarayya ta yi. A Janairu 2017 Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara a yi hankali da ɗora wa yara kuɗi. A Disamba na shekarar nan a ka janye shawarar. A 2023 a ka sāke ba da irinta. Shawara ta kan zo ta tafi tare da mai ba da ita. Don haka Nehemiya bai tsaya ga kyakkyawar niyya ba, sai da ya ɗaure maganar da rantsuwa a gaban shaidu.

Ba na ce muku 'yan majalisun nan duka masu bi ne, ko littafin Nehemiya su ka karanta. Waɗansu tausayi ya motsa su, waɗansu lissafin kuɗi ne kawai. Amma Romawa sura 13 ta koya mana mai mulki bawan Allah ne domin alheri, ko ya sani ko bai sani ba. Idan ya yi daidai, sai mu gode wa Allah.

5. Tambayoyi biyu masu nauyi

Na san akwai dattawa masu karanta wannan da za su girgiza kai. Ba na raina tambayarsu.

Ta fari: "Wanda a ka yi wa sata fa? Shi zai yi hasara?" A'a. Yawancin dokokin nan ba su taɓa diyya ba, kuɗin hidima da tara su ka soke. Littafi Mai Tsarki kuma yana tare da wanda a ka cuta. Fitowa sura 22 ta umarci ɓarawo ya mayar. Zakka, sa'ad da ceto ya shiga gidansa, ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu ga duk wanda ya zalunta. Yaron da ya saci kaza ya kamata ya dubi fuskar mai kazar, ya roƙi gafara, ya biya da guminsa gwargwadon ƙarfinsa, ko da nome masa gona ne. Wannan ya kan gyara zuciya. Amma biyan albashin mai gadi da na magatakarda ba ya mayar wa mai kaza kome, ba ya koya wa yaro kome. Alƙali da ɗan sanda na jama'a duka ne, domin zaman lafiyar kowa su ke aiki, shi ya sa a ke biyan haraji. Nehemiya kansa, shekara 12 yana gwamna, ya ƙi karɓar abincin da doka ta ba gwamna, domin ya ga nauyi ya yi wa jama'a yawa.

Ta biyu: "Ashe iyaye ba su da laifi? Da sun yi reno da kyau da yaron bai lalace ba." Gaskiya ne akwai iyaye masu sakaci. Allah ya hukunta Eli domin ya san muguntar 'ya'yansa bai hana su ba. Amma Sama'ila fa, wanda ya yi tafiya da Allah tun yana yaro, 'ya'yansa su ka zama masu cin hanci? Takardar bashi ba ta san bambanci tsakanin Eli da Sama'ila ba. Ta kan je wurin uban da ya yi sakaci, ta kuma je wurin gwauruwar da ke tashi da asuba tana addu'a da hawaye. Ezekiyel sura 18 ta faɗa a sarari cewa ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba kuma ba zai ɗauki na ɗa ba. Ƙari a kan wannan, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka su kan yi laifi iri ɗaya, uban wannan ya biya a ranar ya tafi da ɗansa, wancan kuwa ya shekara yana ja. Hukunci ɗaya ya zama biyu saboda aljihu. Kotun Ƙolin Amurka kanta ta yanke a 1983 cewa ba a ɗaure mutum domin ya kāsa biya sai an bincika ko ƙi ya yi ko rashi ne. Allahnmu kuwa ba ya tara, ba ya duban fuska.

6. Mu fa?

Cikin aya 10 Nehemiya ya yi abin da manya ba su cika yi ba. Ya shaida cewa shi ma, da 'yan'uwansa, da barorinsa, sun ba da bashi. Ya sa kansa cikin masu bukatar gyara. Bari ni ma in yi haka.

Ina sabon fasto, a ikilisiyar da na fara aiki, wani yaro ɗan shekara 14 ya ɓalle ƙofar ɗakin da mu ke ajiye hatsin baiko, ya kwashi masara buhu 2 ya sayar. Ubansa ya rasu, uwarsa kuwa tana cikin zumuntar mata, mai aminci ce. Mu ka zauna da dattawa, ni ne a kan kujera. Mu ka ce a biya masarar, wannan daidai ne. Sa'an nan wani ya ce a ƙara kuɗin kwado da na kafinta. Wani ya ce a ƙara kuɗin motar dattawan da su ka je kasuwa neman wanda ya saya. Wani ya ce a ƙara tara domin sauran yara su ji tsoro. Na yarda da duka, na rubuta da hannuna. Yaron ba mu tambaye shi kome ba, ba mu ba shi aikin yi ba. Uwar mu ka miƙa wa takarda.

Ta sayar da akuyarta ta kawo rabi. Kowace Lahadi ma'aji ya kan tare ta a bakin ƙofa ya tuna mata. Bayan wata 3 ta daina zuwa sujada. Yaron ya ga abin da ya jawo wa uwarsa, kunya ta hana shi zama, ya bi wata mota ya tafi birni. Sa'ad da na farka na je gidanta na ce an yafe sauran, ta gode mini da ladabi, ta ce, "Baba Fasto, kuɗin ba su dame ni ba. Ina ɗana?" Ban sami amsa ba, kamar manyan Urushalima. Mun sami kuɗin kwado, mun rasa tunkiya. Shekaru sun wuce, har yanzu ina sa yaron nan cikin addu'ata.

Domin wannan ina roƙonku abu huɗu.

Ku dattawan ikilisiya, idan yaro ya yi laifi ku hore shi, kada ku rufe ido. Amma ku tambayi kanku tun ba ku yanke ba: wa zai ɗauki wannan nauyi, yaron ko uwarsa? Zai komo da shi, ko zai kore shi? Ku ba shi abin da hannunsa zai iya biya. Ran da ya gama kuwa ku rufe maganar, kada a ƙara tuna masa.

Ku masu bi da ke aikin kotu, ko aikin ɗan sanda, ko gidan horon yara, ku tuna da amsar da Yohanna Mai Baftisma ya ba masu karɓar haraji da sojoji cikin Luka sura 3. Kada ku karɓi abin da ya wuce ƙa'ida, kada ku mai da hawayen uwa abin cefane. Aikinku hidimar Allah ce.

Ku matan zumunta, gidan da a ka kama yaro shi ne gidan da mutane su kan daina zuwa. Ku je. Ku kai tuwo, ku zauna, ku yi addu'a. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mu duka kuma, mu yi addu'a domin masu yin dokoki, na Amurka da na ƙasarmu, Allah ya ba su kunnen Nehemiya. Wanda Allah ya ba shi bakin magana a gaban masu mulki, ya yi magana domin waɗanda ba su da baki.

7. Wanda ya biya

Akwai wani saurayi, Unisimas, wanda ya gudu daga ubangidansa Filimon, da alama kuma ya bar hasara a bayansa. Bulus bai ce ba a yi laifi ba. Ya komar da shi. Amma ya haɗa shi da wasiƙa, a ciki ya roƙa a lissafta bashin saurayin a kansa, shi tsoho ɗaurarre zai biya. Daga ina Bulus ya koyi wannan? Daga wurin Ubangijinsa.

Ya mai karatu, ni da kai mu ne yaran da a ka kama. Shari'ar Allah ta same mu da laifi, ba kuwa a yi mana ƙarya ba. Bashin ya fi ƙarfinmu, uwa ba ta iya biya mana, uba ba ya iyawa, ko an sayar da gida da gona. Kolosiyawa 2:14 ta gaya mana abin da Allah ya yi da takardar bashin nan: ya shafe ta, ya kafa ta a kan gicciye. Majalisar Kalifoniya ta shafe bashi da alƙalami, hasarar kuwa ta watsu kan jama'a mai yawa. Allah ya shafe namu da jinin Ɗansa, shi kaɗai ya ɗauki hasarar. Idan ba ka karɓi wannan gafara ba tukuna, ƙofa a buɗe ta ke yau, ba a biyan ko anini.

Idan kuwa ka karɓa, ka tuna da bawan nan na Matiyu sura 18, wanda a ka yafe masa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100. Kafin Lahadi mai zuwa ka bincika. Akwai takardar wani da ka ke riƙe da ita, wadda ya kamata ka yage? Akwai yaron da ya daina zuwa sujada, wanda ba wanda ya je nemansa? Nehemiya bai ce a jira kaka ba, ya ce a mayar a ranar nan.

Mu yi addu'a. Ya Uba mai jinƙai, mun gode maka domin ka yafe mana bashin da ba mu iya biya ba. Ka gafarta mana inda mu ka ɗora wa raunana kaya mai nauyi. Ka tuna da yaran da ke tsare, da iyayensu, a ƙasarmu da ƙasashe masu nisa. Ka ba alƙalai da masu yin dokoki tsoronka. Ka komo da 'ya'yanmu da su ka ɓata. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.